Kitson Malam Mainasara

Sallama gare ku, masu bina a wannan shafi. Na san da yawanku kun gan ni tun kafin ku ji ni, saboda haka ba zan wahalar da kaina da ɓoye suna ba. Ni ce Rashida, ta cikin bidiyon nan da ya zagaye wayoyinku, wadda ke zaune a kan tabarma kai ba ɗankwali, wani tsoho yana yi mata kitso. Tsohon kakana ne, Malam Mainasara na Bodinga, Allah Ya jiƙansa. Wasunku sun yi dariya, wasu sun yi hawaye, wasu ko gama kallo ba su yi ba suka tura gaba. To yanzu ku zauna ku ji yadda aka yi abin ya iso hannunku.

Ni ban san uwa ba, uba ma sai a hoto. Ina jaririya aka kawo ni gidan kakannina na wajen uba, na buɗi ido na gan ni tsakanin Inna Kulu da Baba Tsoho, kamar yadda duk jikoki muke kiransa. Shi kuwa Amarya yake ce mini. Ba na kai masa abinci ya ci ya yi shiru. Sai ya ɗanɗana ya yamutse fuska ya ce, "Amarya, miyag ga ba gishiri. Gobe in mai da ke gidanku." In ce masa, "To ina na gidanmu in ba nan ba?" Ya ce, "Shi ya sa nika haƙuri da ke." Ya kuma share kwanon tas.

Manomin albasa ne tun yana saurayi. Duk wanda ya taɓa gaisawa da shi zai gaya muku yadda hannunsa yake, tafin duk kanta, yatsun kamar turamen daka ƙanana. Da wannan hannun ya haƙa rijiyoyin fadamarsa, da shi ya ciyar da 'ya'ya shida, ya binne biyu, ya aurar da sauran. Inna Kulu 'yar Mandera ce. Ya sha ba ni labarin yadda yake taka keke daga Bodinga har can don kawai ya gan ta tana wucewa da tallan fura, ba ta ko kallonsa. Ya ce gashinta ne ya fara kama shi, wai in ta yi shuku har ta bayan ɗankwali ana gane ta. Ita kuma in ta ji yana wannan labari sai ta ce, "Ƙarya shika yi, furar shika so."

Ina 'yar shekara biyar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna Kulu. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Yawan kwanciya ya sa gyambo ya fito mata a ƙeya, gashin wajen ya zube. Aka kira wata mai kitso ta unguwa ta zo ta gyara mata kai. Matar nan ta yi aikinta, ta ci abinci, ta yi godiya, sannan ta fita ta je gidan suna ta baza wa mata cewa kan Kulu wari yake yi, sai da ta toshe hanci ta iya ƙarasawa. Maganar ta zaga ta dawo kunnen Inna. Daga ranar ta ɗaure kanta tamau, ta ce ko 'yar da ta haifa ba za ta sake ganin kanta ba. Gashi ya cukurkuɗe, gyambo ya ƙi warkewa, in aka matsa mata sai kuka.

Baba Tsoho bai yi shawara da kowa ba. Ranar wata Alhamis bayan azahar ya dawo daga fadama da wuri, ya sa sakata a ƙofar ɗaki, ya ɗauko ruwan ɗumi da man shanu da mashacin taje gashi. Ya ce mata shi da ya iya tufkar igiya ba zai kasa gashi ba, ta dai riƙa gaya masa. Haka aka yi. Tana ba shi umarni da karkataccen bakinta, yana tsagawa yana kamawa, yana warwarewa in ta yi tsaki. Na farkon da ya yi, ni da nake yarinya ma sai da na yi dariya. Kafin damina ta zagayo, hannunsa ya faɗa. Gyambon ya warke. Daga nan kowace Alhamis ta zama tamu mu uku, ya gama da Inna ya ce, "Amarya, zo ki zauna, kar ki ce na yi bambanci."

Gwaggo Shatu, babbar 'yarsa da ke aure a Sifawa, ta ɗauka wata maƙwabciya ce ke yi. Maƙwabta suka ɗauka Gwaggo Shatu ce. A makaranta in ƙawaye suka tambaye ni wa ya yi mini kalaba mai kyau haka, sai in ce a gida ne. Shi ya koya mini wannan amsa. Da na fara wayo ya zaunar da ni ya ce, "Wanga abu ba don ni za ki rufe shi ba. Ni namiji na, in anka yi min dariya kwana biyu ta wuce. Amma in anka ji, za a tambayi dalili, dalilin kuwa na kakarki na. Ta sha kunya sau guda, ba ta ƙara sha ina da rai."

Shekara goma sha wani abu Inna ta yi a kwance kafin Allah Ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarta na zaci Alhamis ɗinmu ta ƙare. Sai ga shi mako na zagayowa ya kira ni ya ce in ɗauko mashaci. Idonsa ya riga ya yi rauni, da laluben yatsa yake tsagawa, amma layin bai taɓa karkacewa ba. Na girma, na yi karatu, na samu aikin koyarwa a wata firamare a Shagari, duk da haka ban taɓa zama gaban wata mai kitso ba.

A Shagarin ne na haɗu da Tasi'u. Wayata ce ta faɗi gilashin ya fashe, aka nuna mini rumfarsa a kasuwa. Dogo ne, mai tsabta, shaddarsa ruwan toka ta sha guga, hula a karkace, ga ƙamshin turare tun daga nesa. Ya gyara wayar, ya ce in kira lambarsa a gwada ko tana ji. Ni ma na san ba gwaji ba ne, amma na kira. 'Yan uwana mata, kun san sauran. Kafin in isa gida saƙo ya shigo: "Malama, kin isa lafiya? Rumfata ta yi duhu tun da kika fita." Na yi tsaki na ajiye wayar, na sake ɗauka na karanta har sau nawa.

Ban da gyaran waya, Tasi'u yana ɗan ɗaukar bidiyo yana sawa a shafinsa, ranar kasuwa, hawan babur, barkwancin 'yan rumfa. Mabiyansa ba su da yawa, abin kuwa yana cin ransa, kullum sai ya yi ƙorafin wane da wane sun wuce shi. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Abin da na gani shi ne mutum mai tambayata ko na ci abinci, mai aiko mini da lemo da ayaba in kaina ya yi ciwo.

Da ya zo gaida Baba Tsoho, ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye goro da turare. Bayan ya tafi na zo ina rawar jiki na ce, "Baba Tsoho, ya kag gan shi?"

Ya ce, "Kishiyata dai kika kawo min har gida."

"Don Allah ka bar wasa."

Ya juya carbinsa, sannan ya ce, "Yaron na da ladabi. Sai dai ko shina gaisuwa, hannunai guda na cikin aljihu wajen waya. A dakata tukuna, in ƙara ganinai."

Ranar har fushi na yi da shi. Na ce a raina tsufa ne, me ya sani game da samarin yanzu. Baffa Bala kuwa, yayan mahaifina, wanda yake dillancin albasa a kasuwar Bodinga, shi tun farko ya ce a ba yaro, ya ga yana da sana'a, ni kuma shekaru na tafiya. Amma ba mai tsallake maganar Baba Tsoho a gidanmu, dole aka dakata.

Wata la'asar muna hira ta waya Tasi'u ya tambaye ni wane irin miji nake so. Na rubuta masa, "Irin Baba Tsoho." Ya aiko da dariya ya ce me tsohon ya yi haka da ake ta yabonsa. Na ce ba zai gane ba. Ya ce, "Ashe har yanzu akwai abin da kike ɓoye mini. Ni kuwa ba abin da ban gaya miki ba." Gaskiya ne ya gaya mini abubuwa, har yadda aka saki mahaifiyarsa yana ƙarami. Sai na ji kamar ni ce mai rowa. Na sa shi ya rantse, ya rantse da Allah, na kwashe komai na gaya masa, da mai kitson, da gyambon, da maganar warin, da sakatar ranar Alhamis.

 Can ya rubuto, "Manomin albasa da kitso? Rashida, ina son ki, amma wannan sai na gani."

Sati biyu yana roƙo. Daga ƙarshe ranar wata Alhamis na jingina wayata a jikin tulu, na juya ta wajenmu tana ɗaukar bidiyo. Baba Tsoho ba ya gani sosai, bai san komai ba. Yana sanye da 'yar shara, kai ba hula, shi da ko 'ya'yansa ba su cika ganin kansa a buɗe ba. Yana kitso yana 'yar waƙar da Inna ke so, yana ce mini, "Tsaya da kyau, Amarya, kanki ya fi na kakarki rawa." Na tura wa Tasi'u ta irin turawar nan da ake kallo sau ɗaya ta ɓace. Ya amsa da cewa, "Wallahi na yi hawaye. Ya ɓace a waya amma yana zuciyata." Har daɗi na ji. Ban tuna ba cewa mai gyaran waya kullum akwai wayoyi goma a gabansa, ya buɗe da ɗaya ya ɗauka da ɗaya.

Wata biyu bayan haka Baba Tsoho ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ranar Litinin da hantsi ya cika, kansa a kan cinyar Baffa Bala, ina riƙe da ƙafarsa. Ya haura tamanin da yawa, wasu ma sun ce ya taɓa casa'in. Jama'ar da ta zo jana'izarsa sai da ta toshe hanya, daga Sifawa, daga Lambara, daga Mandera dangin Inna motoci guda.

Ranar sadakar uku ina ɗakin da ke jikin zaure ina zuba wa baƙi ruwa, ina jin tsofaffi suna tuna shi. Wani ya ce shekarar da aka yi fari shi ya buɗe rumbunsa ya raba wa unguwa iri. Wani ya ce bai taɓa jin an yi mutuwa ba a ga Mainasara a maƙabarta da magirbin haƙa kabari ba. Wani tsoho abokinsa ya ce, "Lokacin da Kulu tak kwanta, mu munka taru munka ce mai shi ƙara aure, ko don a samu mai dahwa mai. Yad dube mu yac ce, wadda nika da ita ba ta ƙare ba." Zauren ya ɗauki salati da addu'a. Ni kuwa ina daga ciki ina kuka ina jin wani irin alfahari, don na san abin da ya fi duk wanda suka faɗa, kuma na san ya tafi da shi a rufe kamar yadda ya so.

Tasi'u yana cikin zauren ranar. Shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke raba gumba da ƙosan sadaka, har Baffa Bala yana nuna shi yana cewa, "Kun ga ɗan albarka." Da yamma ya turo mini, "Yanzu da tsoho ya tafi, ba sauran mai cewa a dakata ko?" Na ji maganar ta soke ni, amma na danne. Na ce masa ba na son jin zancen aure yanzu, ya bari ko shekara ta zagayo. 

Ana gobe sadakar bakwai, muna tsakar gida da mata muna gyaran shinkafa, sai ga Hussaina, 'yar Gwaggo Shatu, ta fito daga ɗaki da waya a hannu, fuskarta ta canja. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Rashida, wagga ba ke ta ba?"

Na duba. Ga tulun Inna, ga tabarmarmu mai jan baki, ga kaina a buɗe rabi a tsefe, ga Baba Tsoho da 'yar shararsa. An sa wani kiɗa mai taushi a ƙasa. Sai muryar Tasi'u ta hau kai, a hankali, irin ta masu wa'azi: "Jama'a, ku ga soyayya ta gaskiya. Wannan bawan Allah matarsa ta yi ciwo har kanta ya ruɓe yana wari, mata suka guje ta, shi ya koyi kitso saboda ita." A ƙasa ya rubuta sunan Baba Tsoho cikakke, da unguwarmu, da roƙon a bi shafinsa don samun ci gaba.

Na zauna a ƙasa. Abin da mai kitso ta faɗa a gidan suna ɗaya, wanda tsohon nan ya yi shekaru yana binnewa, yau ga shi a bakin duniya, kuma daga bakina ya fita. Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba sai dai in ce na tsani kaina, na tsani Tasi'u, na tsani ranar da wayata ta faɗi.

Na kira shi nan take. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Kin gani ko? Rashida, tun sahe wayata ba ta huta ba. Har daga Kano da Yamai ana yi mai addu'a."

Na ce, "Tasi'u, ka rantse min da Allah."

"Na rantse ba ni hwaɗa shina da rai. Yanzu kuwa sadaka ta nika yi mai. Ke kin san yawan mutanen da sunka ce Allah Shi jiƙanai?"

"Kakata hwa? Ita wa yar roƙe ka ka yi mata sadaka da ciwonta? Kaina hwa, da kab buɗe wa duniya?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kan matata na. In ni ban damu ba, wa za shi damu?"

Na ce ya goge yanzu. Ya ce yana da baƙi a rumfa, za mu yi magana. Ya kashe.

Washegari aka yi sadakar bakwai, amma ba Baba Tsoho ake tunawa ba, bidiyo ake tunawa. Mata suna shigowa gaisuwa idonsu a kan ɗankwalina. Wata har ta ce, "Ke 'yar nan, buɗe mu ga aikin Malam." Wasu da zuciya ɗaya suke cewa Allah Ya ba 'ya'yansu miji irinsa. Gwaggo Shatu ta shige ɗakin Inna ta ƙi fitowa. Da na shiga na same ta tana kuka, ta ce, "Uwata na cikin wanga hali, ni ɗiyatta ban sani ba, sai a waya nika ji tare da 'yan tasha." 

A kasuwa kuwa abin ya fi muni. Baffa Bala ya je rumfarsa bayan kwana biyu, wani abokin hamayyarsa ya tare shi a gaban masu lodin albasa ya ce, "Alhaji Bala, nawa na shuku gidanku? Ko kai ba ka gaji sana'ar ba?" Aka bushe da dariya. Samari suka riƙa kiransa ɗan mai kitso in ya juya baya. A ƙarƙashin bidiyon kuma wasu ba tsohon suke kallo ba, gashina suke yabawa, suna tambayar lambata. Shugaban makarantarmu ya ce in ɗan huta a gida har ƙura ta lafa.

Baffa ya dawo ranar ko sallama bai yi ba. Ya kira ni gaban Gwaggo Shatu ya ce, "Kin kashe mu da ranmu. Yanzu abu guda yar rage. Yaron nan ya aiko, ya ce shina nan kan bakanai. In mijinki na yas sa hoton, magana ta mutu, ba mai cewa komi. In kuwa ba ki aure shi ba, ke da wani namiji har abada, mu kuma da ɗaga kai garin ga."

Na ce, "Baffa, shi hwa yac ci amanata."

Ya ce, "Ke kinka ba shi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na koma ɗaki na rubuta wa Tasi'u saƙo mai tsawo. Ban zage shi ba. Na roƙe shi don darajar mamaci, don darajar gaisuwar da ya taɓa durƙusawa ya yi masa, ya sauke bidiyon. Na ga ya karanta. Sai can wajen azahar ya aiko da saƙon murya, yana magana yana taunar wani abu.

"Rashida, mu bar wahalad da juna. Tsoho ya ce a dakata, na dakata. Ya tahi, ke kuma kin ce shekara. Ni ba ni iya shekara. Na san in abin ga ya hita, Baffanki da kainai za shi neme ni, ga shi kuwa ya nema. A sa rana, ranad da anka sa in goge, har in yi wani in ce matata ta, kowa shi kama bakinai. In ba a sa ba, to akwai saura wurina, ba duka nis sa ba."

Na saurara sau biyu. A na farko kuka na yi. A na biyu sai na ji wani sanyi ya sauko mini, har da 'yar murna, don na ce yanzu na sami abin da zan nuna. Ashe ba kuskure ba ne, ba ɗokin mabiya kaɗai ba ne, zama ya yi ya auna mu duka, ya san inda zai taɓa Baffa ya motsa. Na ce a raina duk fushin Baffa Bala, ɗan Malam Mainasara ne. In ya ji wannan da kunnensa, ko hanyar gidanmu Tasi'u ba zai sake bi ba.

Ranar Asabar bayan la'asar Baffa ya tara mu a zaure, shi da ƙannensa biyu da Gwaggo Shatu, don a yanke abin da za a gaya wa mutanen Shagari. Na sa hijabina mai ruwan ƙasa har ƙasa, na zauna daga bakin ƙofa. Buzun Baba Tsoho yana nan a inda yake, ba wanda ya hau. Baffa ya fara magana a kan watan da ya fi dacewa, sai na ce, "Baffa, don Allah ku ji wani abu tukuna." Na ajiye wayar a tsakiyar tabarma na kunna.

Muryar Tasi'u ta cika zauren. Da aka zo wajen "Baffanki da kainai za shi neme ni," na ga ƙannen Baffa sun sunkuyar da kai. Gwaggo Shatu ta rufe baki da gefen mayafi. Saƙon ya ƙare. Ina kallon Baffa ina jira. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Sannan ya ce, "To ai kun ji. Ya ce za shi goge. Kuma ya ce akwai saura. Sai a yi hanzari a sa ranar kahin shi sake wani."

Wallahi na zaci ban ji daidai ba. Na dubi ƙannensa, ɗaya ya ce, "Shi na kam, a rufa asiri." Na dubi Gwaggo, hawaye kawai take yi. Cin amanar Tasi'u ya yi mini ciwo, amma bare ne, bara waccan ban san shi ba. Waɗannan kuwa a gidan nan aka haife su, tuwon tsohon nan suka ci suka girma, sun kuma ji da kunnensu yadda aka yi ciniki da gawarsa, abin da suka gani kawai shi ne a miƙa ni a huta.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Baffa ba, sai na ji ina cewa, "Baffa, a bar shi. Kar shi goge."

Ya ce, "Mi kinka ce?"

"Na ce shi bar shi nan, shi sa sauran ma. Abin da Baba Tsoho yar ruhe ya riga ya buɗe, ni nib buɗe shi, zan ɗauki wannan har in mutu. Amma shi don kar mace guda ta sha kunya yay yi abin da yay yi. Ba ni auren wanda yat tona ta don a daina yi maka dariya kasuwa."

Baffa ya miƙe tsaye. Ya ce in na ƙi, to in san inda zan zauna, ba dai gidan nan ba, don gidan yanzu nasu ne. 

Na ɗauki wayata daga kan tabarma. A gabansu na rubuta wa Tasi'u, "Ba za a sa rana ba. Ka saki sauran." Na tura, na ga alamar ya karanta nan take. Na shiga ɗakin da na girma a ciki na fara ninke kayana, ban san ko ina zan kai su ba.